Burtun Kurfi Mai Jan Wuya

"Ni Mahmuda, Dodon Dawa! In na yi tari bakin daji, zaki sai shi nemi izini kahin shi yi gurnani!"

Haka yake faɗa duk ranar kasuwar Kurfi, yana tsaye gaban akurkinsa, hula a karkace. Kai aboki, kada ka zaci maharbi ne. Dillalin kaji da zabi ne, kuma iyakar naman dajin da aka shaida ya kashe wata gafiya ce, ita ma tsohuwa, da kanta ta faɗa randa. Amma baki, tabarkalla! In ya fara ba da labarin yadda ya kama ɓauna da wutsiya, har masu sayen kaji sukan manta abin da ya kawo su.

Kakansa dai maharbi ne na gaske, kuma ya bar masa gado guda: kan burtu. Ka san dabarar maharba. Sukan sassaƙa kan tsuntsun nan da dogon bakinsa, su ɗaura a goshi, su lulluɓa da baƙin zane, su yi ta rarrafe suna sunkuye-sunkuye kamar mai kiwo, har su iso gab da nama bai farga ba. Na Mahmuda yana rataye a ɗaki, gizo-gizo ya yi gida a bakinsa.

Ana nan, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, sai labari ya iso cewa an killace wani daji can yamma da Dutsin-Ma, an hana harbi, za a riƙa kai baƙi su kalli namun daji da ido kawai. Mutanen Kurfi suka riƙe baki. A ga nama a tsaye, a gaishe shi a wuce? Amma abin da ya tsaya wa Mahmuda a rai daban ne. Malam Lawal, malamin daji, yana neman jagora, kuma jagoran zai sami kaki da sabon keke mai ƙararrawa. Keken nan ya hana Mahmuda sukuni. Ya bi Malam Lawal da surutu har mutumin ya gaji, ya ce to, ranar Asabar zai kai wani attajiri, Alhaji Tukur, kallo, ya zo a gwada shi.

Ana gobe tafiya Mahmuda ya sauko da kan burtu, ya kakkaɓe, ya dube shi ya yatsine fuska. Wuyan baƙi ƙirin, ba ado. Ya ɗauko tsohuwar jar hular dara, ya yanka, ya naɗe wuyan da ita.

Matarsa Larai ta leƙo. "Malam, mi kake ma kayan tsoho?"

"Alhaji na da na'urar hoto. In shiga hoto da wanga baƙin wuya kamar tukunya?"

"Shi mai abin haka ya bar shi. Halan da dalili."

"Dalilin shi ne bai waye ba. Ke dai share inda za a jingine keke."

Larai ta ce, "Allah shi kawo keken," ta koma bakin murhu tana dariya ƙasa-ƙasa.

Ranar Asabar suka ɗau hanya a jif ɗin Malam Lawal. Alhaji Tukur, attajirin Dutsin-Ma, yana gaba rungume da kyamarar da ya sayo a hanyar Makka. Mahmuda yana baya, yana shan jijjiga yana zuba. Kafin su kai bakin daji ya kashe zakuna sun fi garke.

Da suka sauka, Dodon Dawa ya durƙusa, ya shinshina ƙasa, ya ɗaga yatsa. "Shiru! Sawun ɓauna. Manya ne, kuma ransu a ɓace yake."

Suka bi sawu, Alhaji yana ta karanto addu'a, babbar rigarsa tana kama ƙaya. Suna zagaya wani kurmi sai ga ɓaunayen: fararen shanu, suna tuƙa abinsu hankali kwance. Makiyayinsu, wani Bafillace mai suna Yero, ya sauke sanda daga kafaɗa ya washe baki.

"A'a! Mahmuda mai kaji! Yau zabi sunka tsere maka har nan?"

Mahmuda ya yi kamar da wani ake. Ya ce wa Alhaji a hankali, "Ɓaunayen sun bi ta nan, shanun ne sunka taka sawun."

Malam Lawal ya sosa gemu.

Da suka ƙara gaba, Mahmuda ya yi tsalle ya danne Alhaji ƙasa. "Giwa! Ga bayanta can! Kada wanda ya motsa!" Suka kwanta rub da ciki cikin rana, cinnaku suna ta aikinsu a ƙafar Alhaji. Giwa ba ta motsa ba. Aka jira, aka jira, har wata kurciya ta zo ta sauka a kanta. Malam Lawal ya miƙe, ya je ya jingina da ita. Suri ne.

"Mahmuda," in ji Alhaji yana susa, "tun sahe ban ga ko zomo ba. Shanu ina da su gida, suri ma akwai bayan gidana."

Nan fa Mahmuda ya ji ƙararrawar keke tana yi masa nisa. Sai Allah ya kawo wasu burtu na gaske, can a wani fili, suna tafe suna tsince-tsince, bayansu kuma ga barewa tana kiwo.

"Alhaji, gyara na'urarka. Yanzu za ka ga aikin gado. Cikin tsuntsayen can zan shiga, in koro maka barewa har gabanka."

Ya ɗaura kan burtu, ya ƙulle igiya tam a ƙeya, ya yafa baƙin zanen Larai, ya faɗi ƙasa ya kama rarrafe. Gaskiya dai, da farko abin ya yi kyau. Yana sunkuyawa yana ɗagowa, jan wuya yana walƙiya cikin rana, har Malam Lawal ya fara gyaɗa kai.

To, ga abin da kakansa ya sani shi bai sani ba. A wajen burtu, namiji ne mai jan wuya. Mai baƙin wuya in ya shigo, ba wanda zai kula shi. Amma ga wani ƙato, baƙo, da wuya ja wur kamar an yanka rago, yana rangaji yana nufo matan gida! Uban garken ya tsaya cak. Ya kumbura maƙogwaro, ya yi wani gunji daga can cikin ƙirji, ya buɗe fukafukai ya taho.

Mahmuda, da yake zane ya rufe masa rabin ido, bai ga komai ba. Ji kawai ya yi an sauke masa baki a mazaunai, kamar an kafa masa tsinken tsire.

"Wayyo Allah! Zaki! Zaki ya kama ni!"

Ya zabura ya miƙe, ya ja igiya, igiya ta ƙi kwancewa. Ya runtuma da gudu, kan burtu yana lilo a goshi, zane yana tashi, mazagin wando ya tsinke, ya tallafe wandon da hannu biyu. Tsuntsun yana biye, duk taku sai ya ƙara masa sara. Barewa tuni ta arce. Alhaji kuwa, dariya ta hana shi tsayuwa, amma ya daure ya danna na'ura. Shi ne hoto ɗaya tak da aka samu a tafiyar.

Mahmuda ya koma Kurfi a tsaye cikin jif, don zama ya gagara. Larai ta gasa masa wurin da ruwan zafi, ba ta tambaye shi keke ba, kuma wannan shirun ya fi saran zafi.

Da kasuwa ta zagayo, har ya fara farfaɗowa. Yana tsaye gaban akurki yana cewa, "Zakin nan, da ba don na tausaya mashi ba..." sai ga jif. Malam Lawal ya sauko, Alhaji Tukur yana biye da hoton nan a hannu, an wanke shi babba. Jama'a suka yi caa a kai. Ga Dodon Dawa a sama, ƙafa ba ta taɓa ƙasa, baki biyu a buɗe, nasa da na kan burtu, ga tsuntsu a gindinsa.

Mahmuda ya matsa kusa da Malam Lawal. "Ranka shi daɗe, maganar keken hwa?"

"Keke na jagora ne, an ba wani," in ji Malam Lawal. "Amma kai ma na zo maka da albishir. Alhaji ya shaida duk dajin nan kai kaɗai ne naman da ya gani. Don haka jama'a ku ji da kyau: daga yau Mahmuda na cikin dabbobin gandun daji. Duk wanda ya harbe shi, da hukuma yake!"