Yadda Za Ka Kayar da Sabuwar Kyamara da Tsohuwa a Hannunka

Idan kana da tsohuwar kyamara, kuma wani a gidanka ya sayo sabuwa ya fara yi wa taka kallon tausayi, to wannan takarda taka ce. Ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari tsohuwarka za ta yi nasara. Ban ce wataƙila ba. Na gwada da kaina, kuma ina da shaida har mai hatimin makaranta.

Shekara talatin da huɗu ina ɗaukar hoto. Aji huɗu na yi na bar makaranta, amma na ɗauki masu digiri ba iyaka, kuma duk cikinsu babu wanda ya san inda zai ajiye hannunsa sai na gaya masa. Kyamarata irin manyan nan ce masu madubi a ciki, waɗanda ake kwance musu gilashi a ɗaura wani. Tana cikin na farkon da suka zo masu amfani da kati maimakon fim. Shekararta goma sha bakwai a wuyana.

Sai Auta, 'yata da na koya wa sana'ar a shagona, ta sayo sabuwa fil, irin tawa amma jikarta. Sati biyu tana shafa ta da ƙyalle. Ranar nan muna shirin rufe shago ta ce, "Baba, ranar hoton malaman makaranta mu ɗauka tare. Kowa nasa a ambulan, babu suna. Wanda shugabar makaranta ta zaɓa shi ke nan. In nawa ne, kyamararka ta shiga kabad ta huta, kai kuma ka koma kujerar bakin ƙofa kana tarar mutane."

Na san kujerar nan. Ni na saya wa maigidana da ya koya mini aiki, lokacin da hannunsa ya fara rawa. Daga ranar da ya zauna a kanta babu wanda ya sake tambayarsa komai sai ƙarfe nawa.

Na ce na yarda. Ga yadda ake yi.

Mataki na ɗaya: Kada ka bari a shiga lissafi

Mai sabuwar kyamara da lamba yake faɗa. Zai ce tasa tana da ɗigo miliyan ashirin da huɗu a hoto guda, taka shida. Kada ka musa, gaskiya ce, kuma tana rubuce a kwali. Ka dube shi kawai ka ce, "Fuskar mutum ido biyu ce, hanci ɗaya, baki ɗaya. Sauran miliyoyin me za su ɗauka?"

Da na faɗa wa Auta haka, ta ce, "Baba, in za a faɗaɗa hoto ne."

Na ce, "Wa kika taɓa gani ya zo ya ce a faɗaɗa masa ƙurajensa?"

Ka lura, ban ba ta amsa ba. Tambaya na yi mata. Duk wanda yake yi wa mutane tambaya ana ɗauka ya san amsa.

Mataki na biyu: Ka ba shi ya ɗaga

Ka miƙa masa tsohuwar ba tare da gargaɗi ba. Hannunsa zai yi ƙasa. Ka bar shi ya ji nauyin, sannan ka ɗauki tasa da yatsu uku ka juya ta, ka ce, "Af, har da batir a ciki?"

Daga nan ka nuna masa lotsawar da ke gefe, ka ba da labarinta. Tawa daga saman matakala ta faɗo, hawa goma sha ɗaya, ta fasa tayil, na ɗauka na ci gaba da aiki. Kowace shekara ina ƙara hawa ɗaya a labarin, don haka ka rubuta naka a wani wuri kada ka rikice.

Sai ka danna madanni ya ji ƙara. Tsohuwa in ta ɗauka kowa a ɗakin ya san an ɗauka: ƙwas! kamar an rufe ƙofar mota. Ta Auta wani ɗan tsaki take yi, sai ka kasa kunne. Mutumin da ya yi wanka ya goge riga ya taho ya cancanci ya ji ƙara.

Mataki na uku: Kowane aibi ka mayar da shi hali

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, ka haddace.

In an ce tana daɗewa kafin ta kunnu, ka ce ba ta da gaggawa. In an ce allon bayanta bai fi kan sarki girma ba, ka ce mai hoto na gaske mutum yake kallo, ba allo ba. In an ce a ɗaki mai duhu hotonta yana fitowa kamar an watsa masa yashi, ka tambaya wa ya aike su ɗaukar hoto a duhu. In an ce ba ta ɗaukar bidiyo, ka ce ita aiki ɗaya ta koya. Robar jikinta da ta saɓule ka naɗe da baƙin salatif kuwa, wannan ba ka ma bukatar magana a kai, ka riƙe wurin da hannunka.

Akwai aibi ɗaya da na kasa yi masa suna. Kyamarata in babu kati a cikinta ba ta ƙin aiki. Za ta yi ƙwas ɗinta, ta nuna maka hoton a allo na ɗan lokaci, sannan ta manta da shi har abada. Ta Auta in babu kati ko motsi ba ta yi. Na ce mata wannan taurin kai ne irin na yaran zamani. Ka riƙe maganar nan, za mu dawo kanta.

Mataki na huɗu: Kada ka sa tabarau

Ko da likita ne ya rubuta maka. Ko da uwar yara ta biyo ka har ƙofa da shi a hannu tana cewa, "Malam, ga idonka ka manta." Ka ce mata ba karatu za ka je yi ba.

Mataki na biyar: Ranar gwaji, ka bar masa na'ura, kai ka kama mutane

Malamai goma sha tara ne, a farfajiyar makaranta, benci biyu da kujerar shugaba a tsakiya. Ka bari abokin gasarka ya fara. Wannan yana kama da karamci.

Auta ta kafa kyamararta a kan ƙarfe mai ƙafa uku, ta auna haske, ta danna nan ta danna can. Ta ce, "Kowa ya kalle ni. Ɗaya, biyu, uku." Duk wanda aka ƙirga wa uku, a kan biyu yake daina numfashi. Malamin lissafi ya rufe ido. Malamin wasanni ya turo ƙirji har ya rufe rabin malamar da ke gefensa. Shugaba ta matse baki kamar an kawo mata ɗalibin da ya fasa taga. Auta ta ɗauka sau goma sha biyu, ta duba allonta, ta ce sun fita tas. Na tabbata sun fita.

Sai ni. Kada ka taɓa kyamara tukuna, ka bar ta tana lilo a ƙirjinka. Na je na mayar da malamin wasanni baya, na ce, "Kai dogo, kai ne ginshiƙin hoton, in ka matsa zai rushe." Ya koma yana murmushi. Na gyara wa malamin lissafi wuyan riga, na ce, "Malam, bara ma barci ka yi a hoton, har matarka ta zo shago tana tambaya ko haka kake yi a aji." Benci ya ɗauka da dariya. Shugaba kuwa ba a gaya mata ta ɗaga haɓa. Na ce, "Ranki ya daɗe, wancan reshen ba zai faɗo wa yara ba kuwa?" Ta ɗaga kai ta duba, tana saukowa da ido na danna. Ƙwas.

Ba na ƙirga wa kowa uku. Ina magana ina dannawa.

Ana cikin haka za ka ga wani ɗan jan rubutu yana ƙyaftawa a allon. Tunda ka bi mataki na huɗu, ba za ka iya karanta shi ba. Auta tana tsaye a kafaɗata, ta sunkuyo ta ce, "Baba, akwai rubutu a..."

Na ce, "Ana aiki."

"Baba, kyamarar tana cewa..."

"Ni da ke wa ya fi daɗewa da ita? Matsa."

Ba ta matsa ba. Ta cire tata daga kan mai ƙafa uku ta ɗora kusa da kunnena, duk lokacin da na yi ƙwas sai in ji ɗan tsakin nan a gefe. Na ɗauka koyo take yi. Har na ji daɗi.

Mataki na shida: In ka buɗe murfin kati, ka buɗe kai kaɗai

Ni ban yi haka ba, shi ya sa nake gaya maka.

Mun koma shago da hantsi, Auta ta kunna kwamfuta, ta miƙo hannu ta ce in ba ta katina. Na buɗe murfin a gabanta da alfahari. Ramin yana nan, kati babu. Na rufe na sake buɗewa. Na girgiza kyamarar. Na duba aljihun riga, na wando, har cikin hula.

A daidai lokacin uwar yara ta shigo da kwanon abincina, ta ajiye wani abu a kan kanta. Ta ce, "Wannan ɗan murabba'in a aljihun rigarka ta jiya na same shi. Saura kaɗan in jiƙa. Yana da amfani ko in yar?"

Hoto tamanin da wani abu na ɗauka a ranar. Mafi kyawun aikina a shekara goma. Babu wanda ya gan su sai ni, ni ma ban gan su sosai ba.

A irin wannan lokaci kada ka yi bayani. Na ce, "Yana da amfani." Na zauna na buɗe kwano. Ina tauna ina kallon kujerar bakin ƙofa, na ga ashe har an goge mata ƙura.

Auta ta juya ga kwamfutarta. Can ta ce, ba ta ko waiwayo ba, "Baba, gobe ƙarfe tara za mu kai. Ka sa farar rigar nan."

Mataki na bakwai: Ka bar ambulan su yi magana

Da safe ta fito da ambulan biyu. Na dube ta. Ta ce, "Na farko da na biyu. Mu tafi, za mu makara."

A ofis shugaba ta buɗe na farko, ta jera hotunan a tebur, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Sun fita tas, har zaren riga ana gani. Amma kamar an tara mu za a karanta mana sakamakon bincike."

Ta buɗe na biyu. Ga malamin lissafi ido buɗe yana dariya. Ga dogo a baya ya dafa kafaɗar na kusa da shi. Ga ita kanta, haɓa a sama, fuska a sake, ta rage shekara takwas. Na gane kowane ɗaya. Nan ne na yi maganar barci, nan ne reshe. Duk inda na yi ƙwas, ɗan tsakin nan na gefen kunnena ya kama.

Ta ce, "Waɗannan su ne mu. Na wane ne?"

Auta ta ce, "Aikin Baba ne."

A nan ake gane gwani. Kada ka yi tari, kada ka kalli ƙasa. Shugaba ta nuna kyamarar da ke wuyana, ta ce, "Ikon Allah. Wannan tsohuwar ce take fitar da kala haka?"

Na ce, "Haka take, ranki ya daɗe, in an san ta."

Ta buga hatimi a takardar aikin baɗi.

A hanya na ce wa Auta, "Kin dai gani da idonki."

Ta ce, "Na gani, Baba."

"Ko kati babu ta kayar da taki."

Ta ce, "Ai shi ya sa nake so in riƙa tsayawa kusa da kai, ko zan koya."

Mataki na takwas: Kada ka sake yarda da gwaji

Wanda ya ci sau ɗaya ya ci. Wata bakwai ke nan muna fita aiki tare, ni a gaba ina jera mutane ina yin ƙwas, ita a kafaɗata tana koyo. Kujerar bakin ƙofa masu jiran hoton fasfo ne suke zama a kai. Katin kuwa uwar yara ta jefa shi a gwangwanin maɓallai, yana nan lafiya. Ban mayar da shi ba, don na lura kyamarar ta fi sauƙin ɗauka a haka. Auta ba ta taɓa tambaya ba.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka sanadiyyar bin waɗannan matakai, babu hannuna, babu na shagona. Ban san kyamararka ba, ban san idonka ba, ban kuma ce ka bar kati a gida ba. In ka bi su daki-daki ka faɗi, ka tsinci kanka a kujerar bakin ƙofa ana tambayarka ƙarfe nawa, kada ka zo mini da ƙorafi kuma kada ka zagi tsohuwar kyamara. Ka koma gida ka duba irin 'yar da ka haifa.