Saiwar da Na Datse a Inkil

Ko tsufa ya rikita ni, ba na jin zan manta ranar da na tashi dasa mangwaro a ƙofar gidanmu a Inkil. Sadaka na yi niyya ga mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, masu wucewa su sha inuwa. Maigida ya ce in bari ya dawo, na ce a'a, da hannuna nake son ladan. (Wai ni mai himma.)

Ina cikin haƙa sai fartanya ta ci karo da wata baƙar saiwa mai santsi. Na ja, ta ƙi. Na ɗauko gatari, na yi bisimilla, na datse ta. Na dasa abina, na ba shi ruwa, na shige gida.

Kafin azahar sai ga Inna Dija, tsohuwar maƙwabciyarmu, riƙe da waya. Tun safe aka kai autarta asibiti tana naƙuda, ciwon ƙafa ya hana Inna bin su.

"'Yar nan, duba mini, ko ni na taɓa wani abu?"

Tawa ma babu sabis, haka duk unguwar. Na zaunar da ita, na dama mata kunu, muka yi ta addu'a. Tsakanin addu'a kuwa ina ta zazzaga faɗa: "Marasa tausayi! Duk wanda ya jawo wannan, Inna, sai Allah Ya tambaye shi."

"Amin," in ji ta, tana share hawaye.

Bayan la'asar ma'aikatan kamfanin waya suka iso, suna bin gefen hanya da na'ura, har suka tsaya cak a kan mangwarona.

"Hajiya, wa ya yi haƙa a nan?" in ji babbansu.

Suka tono saiwata. Ashe wayar da ke kai sabis ga dogon ƙarfen sadarwar unguwarmu ce, ruwan sama ya zaizaye ƙasar da ta rufe ta. Ga maƙwabta sun taru, ga Inna a bayana. Kamar ƙasa ta tsage in shige.

Inna ta dafa kafaɗata. "To, 'yar nan, na janye amin ɗina."

Da magariba suka gama haɗawa. Wayarta ta yi ƙara, ta kasa dannawa, ni na ɗaga mata. An sauka lafiya, mace. Ni ta rungume tana kuka, ni mai laifin.

Tun ranar, kafin in kai ƙarar kowa wurin Allah, sai na fara tuna inda na wuni.