Kogin da Yake Wanka Ranar Zuwanku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Gwajin Ruwan Kogi, shi da ma'aikatansa masu fararen riguna.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, a gafarce ni idan rubutuna ya karkace. Sai da na haifi 'ya'ya huɗu na shiga ajin manya. Abu na farko da na karanta da kaina shi ne allon da kuka kafa a bakin gada, mai cewa ruwan nan lafiyayye ne. Na yi murna ƙwarai, don a lokacin na ɗauka ƙarya ba ta iya hawa allo.

Ranka ya daɗe, ga 'yan koke-kokena.

Na ɗaya. Ina jinjina wa tarbiyyarku. Ba ku taɓa zuwa ɗiban ruwan gwaji ba sai kun sanar da masana'antar rinin da ke sama da mu. Su ma 'yan halak ne, da jin baƙi na tafe sai su toshe bututunsu. Kogin da ya saba zuwa mana shuɗi yau, gobe ja, yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ranar sai ya wayi gari garau, har tsakuwar ƙasa ake gani. Wane irin magani ne a cikin motarku, da kogi ke warkewa tun kafin ku iso?

Na biyu. Ma'aikacinku mai ɗiba yakan sa safar hannu har gwiwar hannu, da takalmin roba, kafin ya taɓa ruwan da kuka ce lafiyayye ne. Allah ya ƙara masa lafiya. Ko akwai irin safar da ake sa wa cikin yaro? Autana ya rame, gudawa ta ƙi barinsa, ƙuraje sun feso masa har bayan kunne. Ma'aikaciyar jinya ta ce in tafasa ruwan. Na tafasa. Launin dai yana nan, sai zafi da ya ƙaru.

Na uku, wanda ya hana ni sukuni. Mu matan gangare mun daɗe da gane ranarku. Da mun hango farar mota sai mu fito da randa da jarka da bokiti, har bahon wankan jariri, mu cika. Muddin ruwan ranarku bai ƙare ba, cikin auta yakan lafa, har ya nemi abinci. Yanzu kuma mun ji cewa, tun da kogin bai taɓa faɗuwa jarrabawarku ba, za ku rage zuwa, sai shekara-shekara. Ranka ya daɗe, ina zan samo randar da za ta kai mu shekara?

Ba na roƙon ku gano komai, na san aikin da nauyi. Ku dai riƙa zuwa. Idan man mota ya yi tsada, ku aika wa masu rinin da sanarwar kawai, ku yi zamanku a ofis. Idan wannan ma wahala ce, ku ara mana farar riga ɗaya da kwalba. Maigidana dogo ne, yana da tabarau, kuma ya iya tsayawa a bakin ruwa yana gyaɗa kai bai ce komai ba.

Taku mai biyayya, wadda ke durƙushe har ƙasa,

Uwar auta,
gidan ƙarshe a gangaren bututu.