Wa'azin Haƙuri da Ɓawon Gyaɗa

Shekarar da Nijar ta samu mulkin kai, ina koyarwa a lakwal a Zinder, fasto ya yi tafiya ya bar mini wa'azin Lahadi. Mu Kirista ba mu cika benci biyar ba, amma na shirya kamar Damagaram duka za ta saurara. Na zaɓi haƙuri, don a ganina babu wanda ya kai ni.

Na ce, "'Yan'uwa, Almasihu ya jure gicciye. Mu kuwa ƙuda ya faɗa furarmu, sai mu tayar da gida!"

Jama'a na gyaɗa kai, ni ina ƙara kumbura. Sai na ji ƙas daga bayan ginshiƙi, wani na ɓare gyaɗa. Na ɗaga murya. Ƙas, ƙas.

Na doki tebur. "Wane marar kunya ne ya mai da ɗakin Allah kasuwa? Ya tashi mu gan shi!"

Wani tsoho ya miƙe, ɓawo na zuba daga rigarsa. Surukina ne, wanda ko ido ba na haɗawa da shi. Shekara uku matata na roƙonsa ya zo ya ji mijinta. Ranar ya taso daga Mirriya tun asuba, bai karya ba.

Ya ce, "Ci gaba, Malam. Kana kan ƙuda."

Matata ta ja mayafi ta rufe fuska.

Har ya rasu, kowace kaka sai ya aiko mini buhun gyaɗa da ɓawonta. Har yau kuma, in na miƙe zan yi magana a majami'a, sai wani ya fara laluben aljihu.