Ranar da Na Ba Manoman Rani Hutu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da ƙwaƙwalwar nan tawa ta tsufa ta zubar da komai, da ranar da na tsaya a gaban yara cike da aji na ba manoman garinmu hutun da ba su nema ba.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai, a shekarun nan da wayar salula ta fara shigowa ƙauyuka, sai mutum ya hau tudu kafin ya samu sabis. An tura mu koyarwar gwaji, wadda muke kira TP, ni kuma na taki sa'a aka jefa ni firamaren garinmu, wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Daga gidanmu zuwa makarantar tafiyar minti goma ce a bakin kanal.

Bari in faɗa muku ko ni wace ce a wancan lokacin. A kwaleji Rakoda ake ce mini. Ba ni takarda yau, gobe in karanto maka ita tas, har da inda mai bugawa ya yi kuskure. (Na taɓa rubuta lambar shafi a cikin amsar jarrabawa, don a haka na haddace ta.) Ban taɓa tambayar littafi dalili ba. A wurina duk abin da aka buga da inji ya gama magana, kuma ina alfahari da hakan, don maki yana ta zuwa.

Baba kuwa manomin rani ne tun kafin a haife ni. Tumatir, alkama, albasa kaɗan. A gidanmu damina ce ma ake ɗan miƙe ƙafa. Rani na kamawa, sai ka yi kwana uku ba ka ga Baba da rana ba. Da tumatirin nan ya kai ni kwaleji, kuma ya riga ya gaya mini ba da wasa ba cewa wannan ce shekarata ta ƙarshe, ƙannena na jiran layi. Wanda ya faɗi TP kuwa sai ya maimaita shekara. Kun ga ke nan abin da ke kaina.

Malamin da kwaleji ta turo ya duba mu shi ne Malam Sabo. Ba ya faɗa, ba ya dariya. Zai shigo ya zauna a bencin baya da jan bironsa, ya yi ta rubutu. Da aka ce ranar Talata zai shigo ajina, sai na buɗe kabad ɗin hedimasta na zaƙulo wani tsohon littafi da bangonsa ya tafi, na samu darasin da nake so: lokutan shekara da ayyukan mutane. Littafin ya ce da damina manomi yana shuka da noma, da kaka yana girbi, da rani kuma ba shi da aiki, sai hutawa da gyaran danga, wasu su tafi ci-rani. Na kwafe shi kalma da kalma. Na sayi kwali na zana manomi kwance a gindin bishiya, ya rufe fuska da malafa, har na yi masa kala.

Da yamma na gaya wa Baba cewa gobe babban malami zai zo daga Kano. Ya ce ai baƙo ba ya zuwa garinmu a wannan lokaci ya koma hannu rabbana, zai kawo masa tumatir. Na roƙe shi da girman Allah kada ya zo, kada a ce toshiyar baki na bayar. Ya ce to. Ni kuma na manta cewa "to" ɗin Baba ba koyaushe take nufin ya yarda ba.

Ranar Talata na shiga aji huɗu da sabon mayafi. Bayan ajin nan gonaki ne, kuma lokacin ɗiban tumatir ne. Mota ta tsaya ana loda kwanduna, masu ɗiba na ta hira da ƙarfi, wani injin ban ruwa na ta ƙara. Sai na ce wa yara su rufe tagogi, hayaniyar manoman nan za ta ɓata mini darasi. (Ku riƙe wannan. Ni da bakina na faɗa, kuma ko gezau ban yi ba.)

Malam Sabo ya shigo ya zauna a baya. Na manna kwalina a allo, na fara. Gaskiya na yi ƙoƙari, murya ta fita, alli bai karye ba. Muka wuce damina lafiya, muka wuce kaka. Da muka zo rani na nuna mutumina na kwance, na sa yara su maimaita bayana: da rani manomi yana hutawa. Suka maimaita, amma a sanyaye, kamar an ba su kunun da ba gardi. Na ce ban ji ba. Suka ɗaga murya. Na ce a sake, sau uku, har da tafi.

Sai wata yarinya mai suna Hinde, wadda ke zama a gaba don ba ta da tsawo, ta ɗaga hannu.

"Malama, to mu babanmu tun asuba ya tafi ban ruwa. Shi ba manomi ba ne?"

Da ina da hankali, nan ne wurin tsayawa. Amma tambayar ba ta cikin abin da na haddace, kuma jan biron nan na motsi a baya. Na haɗe rai na ce mata littafi ne ya faɗa, kuma wanda ya rubuta littafi ya fi ta sani, ya fi babanta sani. Ta sauke hannu a hankali. Na ce a maimaita.

Suna tsakiyar maimaitawa aka yi sallama a bakin ƙofa.

Baba ne. Wando naɗe zuwa gwiwa, laka ta bushe a ƙwaurinsa, gumi ya jiƙa bayan rigarsa, ga kwandon tumatir ɗaure a bayan keke. Ashe ya ɗan jima a tsaye, yana jiran a kai aya don kada ya katse karatu. Ya dubi kwalin, ya daɗe yana duban mutumin da ke kwance. Sannan ya dube ni.

Ni 'yar fari ce, Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "ke 'yar nan". Ran nan ya samo mini suna.

"Malama, ku ci gaba da karatunku," in ji shi. "Ni dama hutawa nake yi, na ce bari in ɗan leƙo."

Wani yaro ya fara ƙyalƙyalawa a baya, sai aji ya ɗauka. Ni kuwa ina nan da alli a hannu. Rakoda ta tsaya. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba dariyar yaran ce ta fi ci mini rai ba. Lakar nan ta ƙafarsa ce. Da ita aka sayi kwalin, da ita aka sayi mayafin da nake ta gyarawa.

Malam Sabo ya tashi ya gaida Baba da hannu biyu, ya yi masa sannu da aiki, ya yi godiya, ya ce tumatirin a kai wa masu dafa abinci a gida, shi aikinsa bai yarda ya karɓa ba. Bayan Baba ya tura kekensa ya tafi, sai ya zo da kansa ya buɗe tagogin nan ɗaya bayan ɗaya. Kore shar har iya ganinka, alkama ta fitar da kai, mata da maza sun duƙa a cikin tumatir. Bai yi mini faɗa ba, ni kuwa da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. A hankali ya ce mini littafin bai yi ƙarya ba, an rubuta shi ne don garuruwan da ruwan kanal bai je ba, kuma akwai su da yawa.

"Amma shi marubucin bai taɓa zuwa nan ba," in ji shi. "Ke fa, a ina aka haife ki?"

Bai rubuta mini maki ba. Ya ce zai dawo Talata mai zuwa, darasin nan dai, kuma wannan ce damata ta ƙarshe.

Satin nan ban buɗe littafi ba. Kullum aka tashi daga makaranta sai in bi Baba gona, in yi ta tambaya kamar baƙuwa: me ya sa ake ba alkama ruwa yau a bar tumatir sai jibi, yaya ake gane ƙasa ta ƙoshi, me mutane ke yi da rani kafin a haƙa kanal. Ya ce a zamanin kakana kam ana hutawa, hutun dole, har da yunwa a ciki. Shekara ashirin da biyu ina cin abincin gonar nan, sai a satin na san yadda ake yin sa.

Da Malam Sabo ya dawo, tagogi a buɗe suke. Na fara da ba Hinde haƙuri a gaban kowa, na ce ta zo ta gaya mana abin da babanta yake yi tun asuba. Ta yi bayani ya fi na kwalina. Sannan muka tambayi kanmu me ya sa a garin kakar wani yaron ajin, can inda babu kanal, ake tafiya ci-rani. Yaran da kansu suka samo amsar. Na ci, amma da ƙyar, makin da ya fi kowanne ƙanƙanta a takardata, kuma shi kaɗai ne nake jin nawa ne.

Yanzu na daɗe ina koyarwa, kuma har gobe ina son littafi. Sai dai kafin in ce wa yara su maimaita, nakan leƙa taga tukuna. Baba ya tsufa, ƙannena ne ke riƙe da gonar, amma bai yafe mini ba. Duk ranar da na je gida da rani na tarar yana saɓa fartanya zai bi su, sai ya tsaya a zaure ya gyara murya.

"Malama, a ba ni izini, zan je in ɗan huta."