Rigar Matashin Shahida

"Lahiya lau, amarya. Yau wace rana? Wata ukku da dawowarki daga Ilori, ban ga ko ƙwaryar hura ba."

"Tsohon da ba shi da haƙori, mi zai yi da amarya mai digiri?" in ji Safiyya tana tuɓe takalmi a bakin zaure.

Alhaji Idi kakanta ne na wajen uwa. Shekara arba'in ya yi yana ɗinkin hannu a wuyan manyan riguna kafin keken ɗinki ya ƙwace kasuwar, yanzu kuwa sai zaman zaure da kallon babura masu dakon kaya zuwa Konni. Ita dai ba zolaya ce ta kawo ta ba. Jibi za a kai ƙawarta Shahida gidan miji a Konni, ta kuma yi mata alkawarin rigar matashi biyu, ɗinkin hannunta. A waya ta koya. Sati uku ta kwashe a kan guda ɗaya, ga shi yadin ya tattare a tsakiya kamar goshin mai fushi.

Ta zaro ta daga jaka ta miƙa masa.

"Wanga mi na? Kaza mota ta take?"

"Hure na, mai ganye biyar. Laihin idonka na."

Bai ƙara duban furen ba. Ya juya rigar ciki waje, ya shimfiɗa a kan gwiwa. Safiyya ta ji kunya ta kama ta, don ita kanta ba ta taɓa tsayawa ta kalli bayan ba. Ƙulli ne bisa ƙulli, zare ya tsallaka nan ya tsallaka can.

"Subhanallahi! Nan gizo-gizo yay yi biki?"

"Wa ka duban baya? Matashi za a sa ciki."

"Goggonnin amarya. Ranar jere, duk abin da anka ce ɗinkin hannu na, juya shi sukai kahin su yaba. Su tambayi ɗiyar wa ta, su ce jikanyar Idi mai allura. Ki kashe ni da raina?"

"A waya ba su nuna baya."

"Su ma kunya suka ji."

Ya tsinko guntun jan zare, ya jiƙa shi da miyau, ya murza a gefen farin yadin. Wurin ya yi ja.

"Ga na biyu. Zarenki zuba shikai. Wanki guda, ango ya tashi da kunci ja, a ce amarya ta mare shi."

Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta tuna yadda ta bugi ƙirji a gaban ƙawaye ta ce ita ba za ta sayi na kanti ba.

"Kaka, jibi na hwa."

"Yanzu ni koma Kaka? Ai ba a hwahe gora ranar tahiya."

Ta kalle shi, ta ga gefen bakinsa yana motsi. Sai ta fara naɗe kayanta a hankali.

"Shi ke nan, na sake ka. Wurin Lawwali mai keke za ni, minti goma ya gama."

"Mai keke! Wanda hurenai duka kamar tawayen juna? Wanda bai san bambancin allura da basilla ba?"

"Shi dai yana gani. An ce kai ko raƙumi ba ka hange sai ya yi kuka."

"Wa ya ce? Da tsohuwar zuma aka magani, yarinya. Zauna!"

Ya zare allura daga naɗin hularsa, ya laluba ƙarƙashin buzun da yake zaune a kai ya jawo wani tsohon gwangwani. A ciki akwai zare ja da kore, mai sheƙi, a naɗe cikin tsumma.

"Wanga ko a ruwan zahi kinka dahwa shi, ba ya zuba. Ki buɗe kunne. Ba a ƙulli. Ki bar wutsiya kamar gaɓar yatsa, ki ɗinke bisanta, ita ka riƙe kanta. Kuma ki daina jan zare kamar mai jan guga, shi yas sa yadinki tattarewa. Duba nan."

Ya ɗaga allurar wajen hasken ƙofa, ya tura zare. Ya wuce ta gefe. Ya lasa, ya sake turawa. Ya wuce ta ɗaya gefen.

"Allurar ga ba ta da hanci."

"Tana da shi jiya."

"Iska na."

"Cikin zaure?"

Ya gwada na uku, ya runtse ido ɗaya, zaren ya lanƙwashe. Sai tsohon ya fashe da dariya har tari ya kama shi, ya miƙa mata allurar da gwangwanin gaba ɗaya.

"Kin ci, ja'ira. Zura muna allura biyu, wagga da taki. Ki warware kazarki ki sake, ki ba ni ɗayan yadin. Kahin la'asar ta gobe mu ga wa za a kira tsoho."