Rasuwar Tsohuwa, Mai Fitar da Shafukan Bayani

Da zuciya cike da baƙin ciki, da ƙyamar da na kasa haɗiyewa, nake sanar da rasuwar Tsohuwa, kwamfutar da ta daɗe a ƙarƙashin teburina tana fitar da shafukan bayani na manhajar da ofishinmu ke sayarwa.

Marigayiyar mai rufa asiri ce. Duk shirmen da masu rubuta manhaja suka bar wa junansu a cikin aiki, sai ta riƙe shi har in gyara, sannan ta fitar da shafi tsaf. Ba ta da surutu, in ban da "gurrr, ƙit, ƙit" idan aiki ya yi mata yawa. Aibinta ɗaya: in ba a cikinta ba, shafukan ba sa haɗuwa.

Wannan aibin Manaja ya riƙe. Ya ce zamani ya wuce ta, ya sa aka kai ta ɗakin shan shayi, aka mai da ita wurin ɗora buta. Da numfashi ya tsaya, mai gyara ya buɗe cikinta ya tarar madara ta daskare, kyankyasai sun kafa gari. Bawan Allah sai da ya fita ya tofar da yawu.

Ta rasu ta bar linzaminta na kwamfuta mai ciwon gefe ɗaya, da firinta, ƙanwarta, da ni. Ta kuma bar magaji, sabon tsarin da Manaja ke taƙama da shi, mai haɗa shafukan da kansa a kowace irin kwamfuta. Ba ya tace komai. Shafin adana bayanai yanzu shirmen wani mai rubuta manhaja yake nuna wa duniya: "Kada a taɓa nan, ni ma ban san yadda aka yi yake aiki ba." Wani shafin ya kira kwastoma jaki. A ƙasan kowanne kuma ga sunana da lambar wayata, wai ni ne marubuci. Na roƙi Manaja a cire, ya ce layin nan kaɗai ke fitowa daidai a duk na'urorin, don haka ba mai taɓa shi. Abin ya ishe ni, wallahi.

Gobe da hantsi za a ɗauki gawar daga bayan ofis zuwa wurin mai gwangwan. Manaja ya yi zamansa, mun yafe rakiyarsa. Masu ta'aziyya su tako da ƙafa, don wayata ba ta shiga: waɗanda aka kira jakai ne ke kan layi.